Zan iya gina ɗakunan haya a bayan gidana a Kubwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum injiniya. Maigidana ya rasu ya bar mana gida a Kubwa ni da yara, fuloti ne 50 da 100, gida mai ɗaki uku a gaba, bayan kuma ba komai sai igiyar shanya da bishiyar mangwaro. Wani birkila ya ce zai fitar min da selfkon huɗu a wurin in zuba 'yan haya. Ƙanina ma ya ce yanzu har a Amurka gwamnati ce da kanta ke kwaɗaitar da mutane su yi gini a bayan gida saboda ƙarancin muhalli. In yi ko kar in yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Ki yi, amma ba huɗu ba. Biyu. Kuma kafin ki sayi bulo ko guda ɗaya akwai abubuwan da suka fi ginin kansa muhimmanci, don wallahi a irin wannan aikin ɗakin shi ne abu mafi sauƙi, abin da ke kayar da mutane shi ne takarda da ruwa da sokawe da hanyar wucewa, su kuma birkila ba ruwansa da su, shi a bulo ake biyansa, in ya samu huɗu ai ya fi masa biyu.

Bari mu fara auna filin tukunna ki ga inda na samo biyun. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne a faɗi, mita 30 a tsawo, wato murabba'in mita 450 ko sama da haka kaɗan. In an yi gidan gaba yadda aka saba, an bar kamar mita 6 daga get, gidan ya ci kamar mita 14, toh abin da ya rage miki a baya mita 10 ne a tsawo, 15 a faɗi. In kika tsaya a ciki kina kallo sai ki ga kamar filin ƙwallo. Amma dole ki bar kamar mita 3 tsakanin sabon ginin da gidanki, ki bar wani abu tsakaninsa da katangar baya da ta gefe, kinga abin da zai rage na gini bai wuce murabba'in mita 40 zuwa 50 ba. Selfkon na mutunci, wanda gado da wadurob za su shiga mutum ya samu inda zai shimfiɗa sallaya, ga banɗaki ga ɗan kicin, yana cin 20 zuwa 25. Ki raba da kanki. Huɗun da birkila ke faɗa ba za su fito ba sai ya jingina gini da katanga ta kowane gefe ya mai da katangar maƙwabci bangon ɗaki, ko kuma ya hau kan sokawe, don a mafi yawan gidajen Kubwa ramin sokawe a bayan nan yake, mutane sun manta da shi ne kawai saboda ciyawa ta rufe murfin.

Na taɓa shiga wani gida a wajen Dutsen Alhaji da aka yi irin wannan cusawar, ɗakuna shida a baya. Lungun da ake bi a shiga ciki sai mutum ya karkace in yana ɗauke da bokiti, tagar kowane ɗaki tana kallon katanga da tazarar da ba ta fi kamu biyu ba, da rana tsaka sai an kunna fitilar waya, bangon ciki daga ƙasa zuwa gwiwa ya yi baƙi ya kumbura, fenti na saɓulewa, warin danshi kuwa tun daga ƙofa. Abin da ya fi tsaya min a rai, ashe an taɓa yin rasuwa a ɗaya daga ɗakunan, makara ta ƙi juyawa a lungun, sai a tabarma aka fito da mamacin. Mai gidan yana ta kukan 'yan haya ba sa daɗewa. Ina za su daɗe.

Maganar ƙaninki gaskiya ce, kuma ya kamata ki san yadda abin yake don ki ga inda ya yi kama da namu da inda ya saɓa. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuɗin haya ya yi tsadar da ma'aikata ke kwana a mota, alhali yawancin filayen unguwanni doka ta ce gida ɗaya tak za a yi a kai. A 2016 majalisar jihar ta yi dokokin da suka fara aiki a 2017, suka tilasta wa ƙananan hukumomi su bar mai gida ya ƙara ƙaramin gida a bayansa ko ya mai da garejinsa ɗaki. A 2019 suka ƙara sassautawa: dole hukuma ta ba da amsa cikin kwana 60, tazarar gefe da baya ƙafa 4 ta wadatar, in ginin bai kai murabba'in ƙafa 750 ba an yafe wasu kuɗaɗen da ake karɓa, tun a dokar 2016 kuma in gidan yana kusa da tashar bas ko jirgin ƙasa ba sai ka tanadi wurin fakin ba. Izinin da ake bayarwa ya tashi daga dubu ɗaya da 'yan kai a 2016 zuwa sama da 20,000 a 2022. Birnin Bankuba na Kanada tun 2009 ya halatta irin wannan, a Ostireliya ma jihar da Sidni take ta yi doka a shekarar, gida har murabba'in mita 60 a fili mai 450, kusan girman fulotinki kenan.

Toh amma su abin da suka yi shi ne cire takunkumin doka a unguwannin da tuni akwai bututun ruwa da na bahaya a ƙarƙashin titi, akwai wuta, akwai motar kashe gobara da za ta iso. Mai gida jona bututu kawai zai yi. Shi ya sa ƙafa 4 ta ishe su, ɗakin ko ba iska akwai na'urar sanyaya shi dare da rana. Mu nan tagarki ita ce fankarki rabin shekara, a watan Maris in babu wuta kuma babu iska mai ratsa ɗaki ai ba a kwana. In ana neman waɗanda suka fi kama da mu, Afirka ta Kudu ce, Soweto da unguwannin Cape Town irin su Khayelitsha, inda mutane suka cika bayan gidajen da gwamnati ta raba musu da ɗakunan haya, wasu na kwano wasu na bulo, suka samar wa ɗimbin jama'a wurin kwana, amma bututun bahaya da aka yi don iyali ɗaya ya koma ɗaukar iyali biyar yana fashewa, wayoyin wuta a sarƙe, gobara in ta tashi sai ta lashe layi guda. Daga baya hukumar Cape Town ta gane ba za ta iya rushe abin ba, ta koma neman yadda za ta tsara shi ta kai masa ruwa da wuta.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gidan gado a Kano ko Zariya haka yake girma, yaro ya isa aure a yanka masa sashe a cikin gida. Abuja ce aka zana ta da wani tunani daban. Dokar da ta kafa ta ta 1976 ce zamanin Murtala, babban tsarin birnin ya fito a 1979, gwamnati ta tare a Disamban 1991, kuma an tsara ta ne don mutum kusan miliyan 3 in ta cika ta batse. An yi manyan filaye a Maitama da Asokoro, gida ɗaya da boskwata, amma direba da mai gadi da malamin makaranta da nas da ƙaramin ma'aikaci ba a yi musu isasshen wuri ba, sai suka watsu Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka, Suleja, Madalla, kullum da asuba suna kan hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, duk wanda ke Masaka yana neman ya matso, shi ya sa ɗakin Kubwa ba ya kwana babu mai nema. Ta wannan gefen kada ki ji komai, 'yan haya za ki samu.

Abin da ke ba ni haushi a matsayina na mai wannan sana'a shi ne cunkoson yana ƙaruwa ne a inda bai kamata ba. Unguwannin cikin gari da ke da titi mai kyau da ruwan Usuma da bututun bahaya da ke tafiya har matatar Wupa, su ne ke da manyan filaye, wasu gidajen ma a rufe shekara da shekaru sai mai gadi. Unguwannin da kowa ke haƙa sokawensa da bohol ɗinsa su ne ake ta cusa ɗakuna. Da hukuma za ta fito da zane uku ko huɗu na ƙaramin gidan baya da aka riga aka amince da su, ta ce duk mai fili mai girma kaza ya zaɓi ɗaya, a ba shi amsa cikin wata biyu a kan kuɗi sananne, da an samu dubban ɗakuna masu kyau ba tare da gwamnati ta sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Ba zai kawar da ƙarancin gidaje ba, don iyali mai yara biyar ba selfkon suke nema ba, amma zai ɗauke gwauraye da sabbin ma'aurata da masu bautar ƙasa, su kuma suna da yawa.

Yanzu takarda. A nan ne nake so ki nutsu Hajiya, don akwai abu biyu a kanki. Na farko gado. In ba a raba gadon Alhaji ba, filin nan ba naki ba ne ke kaɗai, ke tumuni gare ki tunda akwai 'ya'ya, in iyayensa na raye suna da rabo, in akwai wata matar ko 'ya'yan wani ɗakin su ma haka. Kika zuba kuɗinki na fansho ko na sarƙarki a kan filin da ba a raba ba, ranar rabo ginin zai shiga lissafin gida, ki zo kina rantsuwa da kuɗina na yi. Ko dai a raba a san na waye, ko a zauna da magada da shaidu a rubuta cewa ginin baya da kuɗin wance aka yi da yardar kowa, hayar kuma ga inda za ta tafi, lauya ya sa hannu. Yaranki yau ƙanana ne suna cewa Umma duk abin da kika yi daidai ne, gobe akwai matansu da mazajensu. Sannan ki sani gidan baya ba shi da takardar kansa, ba za ki iya sayar da shi daban ba sai an raba filin a hukumance da amincewar Ministan Abuja, kamar yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta tanada.

Na biyu, wace irin takarda ce a kan filin. A Abuja Minista ne kaɗai ke ba da fili, ba ciyaman ba, ba mai unguwa ba. In takardar mallaka ce ta C of O ko R of O da ke cikin kwamfutar AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, madalla. In takardar ƙaramar hukuma ce ta da, irin wadda ta cika Kubwa da Bwari da Lugbe, ki fara bincika ko an shigar da ita don tantancewa. In kuma gidan a cikin rukunin gidajen FHA, hukumar gidaje ta tarayya, yake ko wani estet, akwai nasu zanen da aka amince da shi, wasu sam ba su yarda da ƙarin gini ba. Ki duba kuɗin ƙasa na shekara-shekara ma, don a 2025 ma'aikatar Abuja ƙarƙashin Minista Wike ta soke takardun filaye dubbai a kan wannan bashin. Bayan nan sai izinin gini daga Development Control, sashen da ke kula da gine-gine a Abuja. Za su nemi zanen akitek mai rajista da hukumarsu ARCON, zanen injiniya mai rajista da tasu hukumar COREN, na wuta da na famfo, da kwafin takardar fili, su zo su ga wurin. Abin da suke dubawa shi ne tazara, da kason filin da gini ya rufe, da kuma ko filin na gida ɗaya ne a tsari. Shi ya sa zanen boskwata mai ɗaki biyu yana wucewa cikin sauƙi, layin ɗakuna huɗu ko shida kuwa ya zama wani abu daban a wurinsu.

Na san abin da maƙwabta za su ce miki, wai kowa yi yake ba izini, in sun zo a ba su na goro. Haka ne mutane da yawa sun yi sun kwana lafiya. Amma duk wanda ya zauna a garin nan tsakanin 2003 da 2007 lokacin El-Rufai yana Ministan Abuja ya ga abin da katafila ta yi a Kubwa ɗin nan, kuma har yau jan fentin alamar rusau bai ƙare ba. Na goron kuma ba sau ɗaya ake bayarwa ba, duk wanda aka canjo sai ya zo gaisuwa. Ginin da ba izini in aka rushe ba diyya, ke kuma kuɗin marayu ne ko abin da ya yi kama da shi.

Sai ruwa, mai shiga da mai fita. Sokawen da ke gidan an haƙa shi ne don ku, in kika ƙara mutum huɗu ko shida zai riƙa cika da wuri, musamman a Agusta da ƙasa ta ƙoshi da ruwa ba ta tsotsa. Ko a faɗaɗa shi ko a yi wa bayan nasu daban, kuma a sa shi inda tiyon motar kwashe bahaya zai kai, kar a yi gini a kansa ko da wasa, murfin yana ruftawa. In bohol ko rijiya gare ki, ki bar aƙalla mita 15 tsakaninsa da sokawe, 30 ya fi, kuma ki tambayi inda na maƙwabta yake don ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. A fuloti mai tsawon mita 30 kinga wannan kaɗai ya isa ya faɗa miki inda gini zai zauna. Taifod ɗin da ke yawo a gidajen haya da yawa daga nan yake.

Ruwan sama kuma mutane ba sa lissafa shi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, toh rufin mita 50 in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a daminar Abuja, lita 2,000 ke nan, ruwan da da ƙasar bayan gidanki ke shanyewa. In kika bi sauran filin da siminti ko'ina, ruwan sai ya nemi hanya, ko falonki ko gidan maƙwabci. Abin da ke faruwa a Lokogoma da sassan Lugbe duk shekara ke nan, an toshe wa ruwa hanya an rufe ƙasa. Ki sa indararo ya zuba a tanki, ki fitar da kwata zuwa ta titi, tsakar gidan a sa intalok ko tsakuwa maimakon kankare, kuma daɓen sabon ginin ya ɗaga sama da ƙasa sosai a shimfiɗa leda kafin a zuba shi, shi ne maganin baƙin bangon nan. Mangwaron in zai yiwu a bar shi a bar shi, inuwarsa ta fi fanka, sai dai in ya matsi tushen gini saiwarsa za ta tsaga shi.

Wuta kada ki ja musu daga mitarki, rigimar da ba ta ƙarewa ce, wa ya kunna hita wa ya yi guga. Ki nema wa kowane ɗaki mitar kati daga kamfanin wuta AEDC, in ta yi jinkiri a sa ƙaramar mita ta cikin gida kowa ya ga abin da ya sha. Waya kuma a sayi mai kyau, yawancin gobarar ɗakunan baya daga siririyar waya ce da aka ɗora wa hotfilet.

Akwai haƙƙin maƙwabci kuma. In wani ya ba ki shawarar ki yi bene don ki samu huɗun, biyu ƙasa biyu sama, ki tuna tagar sama za ta leƙa tsakar gidan mutane, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wannan ƙarara, a Risala an hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci. Ga tsadar dekin da rodi da tushe mai zurfi. Ni ban ba ki shawarar bene ba. Ke ma kanki ki yi tunanin sirrinki, mace da yara a gida, baƙi za su riƙa ratsa ƙofar kicin ɗinki dare da rana. A fitar musu da hanya ta gefe mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi, da ƙaramar ƙofarsu a jikin katanga, da 'yar katanga ko shinge tsakaninku.

Kuɗi. Farashi yana motsi, siminti ya haura dubu goma a farkon 2024, don haka kar ki yarda da ƙiyasin baki, a rubuta miki kayan aiki dalla-dalla har sokawe da kwata da mita da kuɗin izini, ki ƙara kashi 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Sai ki raba jimillar da hayar shekara. Misali kawai, a ce komai ya tashi miliyan 16, kowane ɗaki yana kawo miliyan 1, shekara 8 ke nan kafin kuɗinki ya dawo, in kika cire fenti da gyaran famfo da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa ya kusa 10. In da kuɗin ajiya ne yana da kyau, ya fi a bar su naira na zagwanyewa. In bashi mai ruwa za ki ci, ban goyi baya ba, ko ta addini ko ta lissafi. In kuɗin bai kai ba a yi tushen biyun gaba ɗaya, a gama ɗaya a sa mutum, hayarsa ta gama ɗayan. Bulo kuma ki je da kanki ko ki tura ƙaninki, ya ɗaga guda zuwa ƙirji ya sake shi, in ya wargaje kamar garin kwaki a bar wurin, masu buga bulo da yawa suna fitar da fiye da 40 a buhu ɗaya alhali na inci 9 mai kyau bai kamata ya wuce 30 ba.

Ɗan haya kuma a rubuta yarjejeniya ko da ɗan ƙawarki ne, mutum nawa za su zauna, janareta a ina, get ƙarfe nawa ake rufewa. A dokar Abuja mai biyan shekara sai an ba shi notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu, ba a cire masa ƙofa ko a yanke masa ruwa. Wanda zai zauna taku goma daga ɗakin 'ya'yanki ya kamata ki san inda yake aiki da wanda ya tsaya masa, kar ki bar wa dillali zaɓin.

In kin samu dama ki sa a auna miki bayan da tef, daga bangon gida zuwa katanga da kuma faɗin, a nuna inda sokawe da bohol suke, ki turo min tare da hoton shafin farko na takardar filin, amma ki rufe suna da lambar fayil kafin ki ɗauka.